Honarabul na son alƙaluman mazaɓarsa, ta wace ƙofa ya kamata a bi?

Duk wanda ya taɓa yi wa ɗan majalisa aiki a nan Bauchi ko Gombe ya san irin wannan wayar, ƙarfe goma na dare oga zai kira yace jibi zai gabatar da ƙudiri a kan yaran da basa zuwa makaranta ko matan da ke haihuwa a gida, a nemo masa alƙaluma, kuma ba na Najeriya gaba ɗaya yake so ba, na jiharsa yake so, in da hali ma na mazaɓarsa, a ware mata daban maza daban, ƙauye daban gari daban. Na jima ina wannan aikin, na bi ƙofofi da yawa, wata ta buɗe wata ta ci min lokaci, shi yasa nace bari in jera su in gwada su da juna saboda 'yan uwa masu taimaka wa 'yan majalisa da akawun kwamitoci. Abin yana damuna sosai, domin lambar da aka karanta a zauren majalisa ita ce gobe za ta koma kasafin kuɗi, ta koma asibitin da za a gina a wannan gari a bar wancan.

Da farko a san daga ina lambobin suke fitowa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a 2006 aka yi ta, wadda aka shirya a 2023 an ɗage, to kusan duk abin da muka sani yau game da yadda gidaje ke rayuwa daga binciken gida-gida yake zuwa. Wato ba kowa ake tambaya ba, wasu gidaje ake zaɓa bisa tsari a bi su da tambayoyi, kamar dai mai sayen masara a Tudun Hatsi da zai soka ƙarfe a buhu ya zubo 'yar kaɗan a tafin hannu ya san abin da ke ciki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ita ke yin NLSS na talauci da abin da gida ke kashewa, ita ke yin MICS tare da UNICEF a kan yara da mata, na 2021 an haɗa shi da binciken rigakafi, ita ta yi binciken talauci mai fuskoki da yawa da aka fitar a Nuwamba 2022 wanda yace kashi 63 cikin ɗari, mutum miliyan 133. Akwai GHS-Panel da take yi da Bankin Duniya, ana komawa gidajen da aka taɓa zuwa tun 2010, noma da kiwo yafi ƙarfi a ciki. Shi kuma NDHS na lafiya da haihuwa da mace-macen yara ba NBS ke yinsa ba, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce, NPC, an yi a 2008 da 2013 da 2018 sannan na 2023 zuwa 2024. Wannan kaɗai in ka riƙe ka huta da aika wasiƙa gidan da ba nan kayan suke ba.

Amma kafin maganar ƙofa akwai tambayar da ita ce uwar komai, kuma ita mutane suka fi tsallakewa: binciken nan har zuwa ina aka tsara shi yayi magana? Kaga NLSS na 2018 zuwa 2019, gida 600 aka ware wa kowace jiha, yankin ƙidaya 60, gida goma a kowanne. Da gida 600 za ka iya faɗin wani abu a kan jiha, shi ne suka ce talauci a Bauchi kashi 61.5, Gombe kashi 62.3, a kan ma'aunin naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara. To yanzu raba 600 ɗin nan wa ƙananan hukumomi 20 na Bauchi, kusan gida 30 kenan kowacce, a Gombe mai 11 wajen 54, kuma ba daidai aka raba ba, wata za ta samu fiye wata ƙasa da haka. In ka lissafa kaso daga gida 30, ko da a ce an zaɓe su warwatse, kuskuren zai iya kai maki 18 sama ko ƙasa, wato in lissafi ya baka 50, gaskiyar tana iya zama 32 tana iya zama 68, balle kuma gidajen daga unguwa uku kawai aka ɗebo su. Ko a matakin jiha ɗin ma akwai wasan maki huɗu ko fiye, shi yasa in naji ana musu wai Gombe ta fi Bauchi talauci saboda 62.3 da 61.5 raina yake ɓaci, wannan tazarar bata kai a gina magana a kanta ba, jihohin biyu a wuri ɗaya suke tsaye. GHS-Panel kuwa gida wajen 5,000 ne a duk ƙasar, shiyya yake iya faɗa, Arewa maso Gabas gaba ɗaya, ko jiha bai kai ba. Wanda yafi sauka ƙasa shi ne na 2022 ɗin nan, an tsara shi ya bada sakamako har mazaɓun sanata 109, kenan sanata ko wanda yake son ya gwada Bauchi ta Arewa, su Katagum da Gamawa da Zaki, da Bauchi ta Kudu, su Toro da Dass da Alkaleri, yana da abin riƙewa. Ɗan majalisar jiha mai kujera ɗaya cikin 31 na Bauchi ko cikin 24 na Gombe, gaskiya babu ɗaya cikin waɗannan da aka tsara don mazaɓarsa.

To ƙofa ta farko, mafi sauƙi, ita ce rahoton da aka riga aka buga. Kyauta ne, PDF ne ka sauke a wayarka, na NDHS da MICS duk suna da jadawali jiha-jiha, rigakafi, haihuwa a asibiti, tsumburewar yara, zuwa makaranta, ruwan sha, banɗaki. Shirin DHS, na duniya da NDHS ke ƙarƙashinsa, ma yana da wani shafi, STATcompiler, da za ka zaɓi ƙasa da shekara da abin da kake so ya haɗa maka jadawali nan take. Amfaninta shine sauri da kuma kariya, in wani ya miƙe a zaure yace daga ina ka samo, ka faɗi sunan rahoto da lambar shafi, shikenan magana ta mutu. Ni a ganina fiye da rabin abin da oga ke nema yana nan ciki, ba a buɗewa ne kawai saboda rahoton shafi ɗaruruwa ne. Inda take gazawa shine in kana son a gicciya abu biyu a cikin jiha ɗaya, rahoto zai baka Bauchi gaba ɗaya, zai baka ƙauye da birni na Najeriya gaba ɗaya, amma matan ƙauye na Bauchi da basu yi boko ba, wannan ba za ka gani ba. Kuma a kula da alamomin da suke sawa, a rahoton DHS in ka ga lamba cikin baka to daga mutum 25 zuwa 49 aka lissafa ta, in ka ga tauraro to basu kai 25 ba, sun ƙi buga lambar ma gaba ɗaya. Su da kansu da suka yi aikin kenan.

Ƙofa ta biyu ita ce wasiƙa zuwa ga hukumar da tayi binciken, a roƙi su fitar da jadawali na musamman. In NBS ce a rubuta wa Babban Mai Ƙididdiga na Ƙasa a Abuja, a ajiye kwafi a ofishinsu na jiha don suna da ofis a kowace jiha, in NDHS ne a rubuta wa NPC. Babban ƙarfin wannan hanya shine hatimi, lambar da ta fito da takardar hukuma babu kwamishina ko babban sakatare da zai ce ƙirƙira aka yi ranar kare kasafi. Sannan su suka tsara samfurin, wato yadda aka zaɓi gidajen, sun san inda yake da rauni, in ka nemi abin da binciken ba zai iya ɗauka ba za su faɗa maka. Rauninta lokaci, ba abin jibi bane, abin wanda ya san wata uku masu zuwa kwamitinsa zai yi zaman jin bahasi ne. Kuma na lura wasiƙar da ta fita da sunan kwamiti ta hannun akawun majalisa tafi nauyi a kan wadda ɗan majalisa ɗaya ya sa wa hannu. Abin da yafi kashe irin wannan buƙata shine rubutun da bai da kai, a ce muna neman dukkan bayanai a kan talauci a jiharmu, wanda ya karɓa bai san ta ina zai fara ba sai ya turo maka rahoton da kake da shi tun farko.

Ƙofa ta uku, wadda ni na fi bi, ita ce a sauke ɗanyen bayanan a ba wanda ya iya ya sarrafa. Mutane da yawa basu san cewa amsoshin da gidajen nan suka bayar, layi-layi, an cire suna da adireshi, suna nan a intanet kyauta ba. Na DHS ka yi rajista ka rubuta 'yan layuka a kan aikin da za ka yi da su su buɗe maka, na MICS haka a shafin UNICEF, NLSS da GHS-Panel suna rumbun Bankin Duniya, NBS ma tana da nata rumbun. Daga nan duk tambayar da ta zo maka kana iya yi wa bayanan, ba sai ka jira kowa ba, yau ka tambayi rigakafi gobe ka tambayi aure da wuri. Sai dai fa ba aikin Excel bane, kuma ba aikin yaron da ya iya kwamfuta a shagon buga takardu bane. Fayilolin da manhajojin ƙididdiga irin su Stata ko SPSS ko R ake buɗe su, kuma akwai abin da ake kira nauyi, kowane gida akwai adadin gidajen da yake wakilta, tunda a NLSS misali gida 600 aka ɗauka a Kano 600 a Gombe alhali yawan mutanensu ba ɗaya ba, kuma ko cikin jiha ɗaya ba daidai gidajen suke wakilci ba. Wanda ya manta ya ɗora nauyin nan lambarsa za ta fito tsaf da ita amma ba daidai ba, kuma ido ba zai gane ba.

Masu iyawa muna da su a gida, ba sai an je Legas ba, akwai malaman lissafi da ƙididdiga da tattalin arziki da lafiyar al'umma a ATBU da Jami'ar Sa'adu Zungur ta Gadau da Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya a Kashere, wasunsu da irin waɗannan bayanan suka yi digirinsu na uku. Ranar da na fara gane darajar wannan, wani kwansaltan ne ya kawo wa oga takarda mai kyau da launi, ya jera ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya da kason kowacce har da ɗigo, yace daga binciken ƙasa ya ciro. Oga yaji daɗi don tamu ta fito a sahun waɗanda suka fi wahala, abin da yake ta faɗa kenan. Sai na ɗauki takardar na kai wa wani malamina a jami'a, muka zauna a ofishinsa ba wuta, laftof ɗinsa na kan batir, ya buɗe fayil ɗin ya tace jihar, ya juyo min da fuskar allon yace, kai duba nan da idonka, ƙirga min gidajen da suka faɗo wannan yankin. Na ƙirga da yatsa a kan gilashin, basu cika shafi ɗaya ba. Yace to da waɗannan ne za a yi wa dubban ɗaruruwan mutane hukunci? Nace Malam to yanzu me zan faɗa wa oga, yace ka faɗa masa gaskiya, ka bashi ta jiha wadda zai iya tsayawa a kanta. Da na koma nace ranka ya daɗe wannan takardar in ka karanta ta a zaure wanda ya sani zai iya kunyata ka, bai ji daɗi ba a daren, amma da lambar jiha ya shiga kuma babu wanda ya iya taɓa ta.

Akwai gwaji ɗaya mai sauƙi da malamin ya koya min kuma har yau da shi nake auna duk wanda za a ba irin wannan aiki, kafin ya fitar maka da sabon abu ka ce ya fara fitar da lambar da take cikin rahoton hukuma, misali ta rigakafin yara ta jiharka, daga ɗanyen bayanan. In tashi ta zo daidai da ta rahoto to ya san hanya, in ta saɓa ko bai ɗora nauyi ba ko bai fahimci ma'anar tambayar ba. Kuma duk lambar da zai baka ya rubuta a gefenta mutum nawa aka lissafa da kuma iyakar kuskure sama da ƙasa. Wasu za su ce ai DHS na bada wurin da kowane rukunin gidajen da aka tambaya yake a taswira, sai a ɗora a kan taswirar ƙaramar hukuma, eh suna bayarwa amma da gangan suke gusar da wurin don kare mutanen, har kilomita 2 a gari, 5 a ƙauye, kaɗan daga ciki har 10, sannan na 2018 rukuni wajen 1,400 ne a duk ƙasar gida 30 kowanne, in ka raba wa jihohi bai wuce 38 ba a tsakaice, kaga biyu-biyu kenan a ƙananan hukumomin Bauchi. Wani abin lura kuma, a farkon 2025 Amurka ta yanke kuɗin hukumar tallafinta, USAID, da shirin DHS ya dogara da shi shekara da shekaru, wannan ya nuna rumbun da ke hannun wasu ba abin jingina bane, duk majalisar da ke da ɗakin karatu ya kamata ta sauke waɗannan fayiloli da rahotanni ta ajiye nata.

Ƙofa ta huɗu ta 'yan Majalisar Tarayya ce galibi, su 12 na Bauchi da 6 na Gombe a Majalisar Wakilai da sanatocin. Suna da NILDS, cibiyar nazarin dokoki da dimokuraɗiyya, suna da NABRO mai nazarin kasafi, aikinsu kenan su yi wa 'yan majalisa bincike, kuma sun san yadda ake mayar da jadawali ya zama takardar shafi biyu da oga zai iya karantawa a mota. Wanda yake Abuja ban ga dalilin da zai biya kwansaltan kafin ya ƙwanƙwasa nan ba.

Sai masu cewa a yi amfani da ƙarfin doka. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma sashe na 88 da 89 na tsarin mulki sun ba Majalisar Tarayya ikon bincike da kiran mutum ya kawo takardu, 128 da 129 sun ba majalisar jiha irinsa. Duk gaskiya ne amma a nan ba su ne maganin ba. Ita dokar, takardar da take akwai take sa a baka, jadawalin da kake so kuwa ba a ma yi shi ba tukuna, aiki ne sabo da wani zai zauna yayi. Sunayen gidaje da amsoshinsu kuma Dokar Ƙididdiga ta 2007 ta rufe su, kuma daidai ne, matar da ta faɗa wa mai tambaya yara nawa ta binne ta faɗa ne bisa amana, in aka fara miƙa wa 'yan siyasa gobe babu mai buɗe ƙofa. Inda wannan ikon yake da amfani shine a kan ma'aikatun jiha masu riƙe da bayanan da suke ƙin fitarwa.

Wannan ya kawo mu ga wanda ya dage shi fa sai na ƙaramar hukumarsa, kuma yana da gaskiyarsa, Nafada ba Billiri bace, Ningi ba Bogoro bace. Abu biyu ne a gabansa. Na kusa shine bayanan ofis, ƙidayar makarantu ta shekara-shekara da ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ke yi, rahoton wata-wata da asibitoci ke turawa ta manhajar bayanan lafiya, DHIS2, rajistar marasa ƙarfi. Waɗannan suna sauka har gunduma, amma wanda ya zo kawai suke gani, yaron da bai taɓa taka makaranta ba baya cikin rajistar makaranta, matar da ta haihu a ɗaki bata cikin littafin asibiti, to a yi amfani da su ana sane da haka. Na nesa kuma, wanda shi ne gyaran gaske, majalisa ta sa kuɗi a kasafi hukumar ƙididdiga ta jiha tayi nata binciken da aka tsara don ƙananan hukumomi, ko jiha ta biya a ƙara mata yawan gidaje idan za a yi na ƙasa. Kaduna tayi nata binciken gidaje ta hukumarta, ba abu bane da ya gagara. Yafi duk sauran tsada da ɗaukar lokaci, amma shi kaɗai zai amsa tambayar da oga ke yi tun farko, kuma ikon amincewa da kuɗin yana hannun su 'yan majalisar.

Ta kowace ƙofa aka bi a tambayi ma'anar kalmar da shekarar. Rashin aikin yi ya isa misali, ƙarshen 2020 NBS tace kashi 33.3, farkon 2023 tace 4.1, ba ayyuka ne suka sauko ba, ma'auni aka canza, yanzu wanda yayi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a mako ana lissafa shi mai aiki. Wanda ya jera waɗannan biyun a jawabi ɗaya kamar abu ɗaya suke aunawa ya ɓatar da mutane. Haka talaucin NLSS na kuɗi ne, na 2022 na rashin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli ne, ba a haɗa su a layi ɗaya.

In ni za a tambaya, ƙudirin jibi a buɗe rahoto a tsaya a lambar jiha. Zaman jin bahasi ko gyaran doka da ke da wata biyu uku a gaba, a ba malamin jami'a ɗanyen bayanan ya fara aiki, a rana ɗaya kuma kwamiti ya aika wasiƙa ga hukumar da jadawalin da ake so, ta yadda in amsarsu ta iso sai a gwada da tashi. Ita wasiƙar shafi ɗaya ta isa, a faɗi sunan binciken da shekararsa, a faɗi ainihin abin da ake so a auna da su waye, misali yara 'yan wata 12 zuwa 23 da suka kammala rigakafi a jihar Gombe, a raba ƙauye da gari da ilimin uwa, a nemi adadin mutanen da aka lissafa da iyakar kuskure a kowane gida na jadawalin, a tambaya ko akwai kuɗin aiki, a faɗi ranar zaman kwamiti. Ni har jadawalin nake zanawa babu komai a ciki in liƙa a bayan wasiƙar don su cike kawai, sannan in sa lambar wayar mutum ɗaya da zai riƙa bibiya duk mako.